Haƙoran Surajo Mai Cizo

Duk wanda ya taɓa kai masara kasuwar Tudun Wada da kaka, ko bai san kowa ba ya san Surajo Mai Cizo. Shi ba dillali ba ne, ba mai awo ba, ba ɗan dako ba. Sana'arsa a bakinsa take. Idan aka sauke buhu, sai ya soka ƙarfen huda buhu ya zaro ƙwaya uku, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga gindi. Ya jefa a baki, ya lumshe ido, ya ciza. Daga nan sai ɗayan magana biyu: ko ya ce "ta kai", ko ya ce "saura rana biyu". In ya ce ta kai, sai a ɗinke buhu a kai sito. In ya ce saura rana, to ko manomi zai yi rantsuwa da kabarin kakansa, sai ya koma ya shanya.

Kada ka raina wannan aiki. Masarar da ba ta gama bushewa ba, ido ba ya gane ta. Tana nan fes kamar 'yar uwarta, sai an jibge ta a sito ta yi sati uku, sannan ta ɗau zafi, ta yi fumfuna, ta ruɓar da na kusa da ita. Manomi kuwa da kaka sauri yake yi, bukata ta taso shi, shanyar kwana biyar sai ya yi ta uku ya ce Allah ya rufa asiri.

A Burumburum aka haifi Surajo, kuma a hannun kakarsa Tasalla ya tashi. Ita ce ba ta barin a zuba hatsi a rumbu sai ta ciza. Tun yana tsugunne gefenta yana kwaikwayo har wata rana ya tofar ya ce, "Iya, wannan da saura." Tsohuwa ta ciza, ta dube shi, ta ce da 'ya'yanta su kwashe su mayar rana. Daga ranar ta daina ba shi rake, ta ce haƙoran nan ba na wasa ba ne.

In ka tambaye shi yadda yake ganewa, sai ya ce busasshiyar ƙwaya gardama take yi, ta tsaya ƙyam, sannan ta fashe lokaci guda. Mai danshi kuwa sai ta ɗan lotsa tukuna, kamar mai neman afuwa, kafin ta rabu. Wannan 'yar lotsawar ba ta kai kaurin gashi ba, amma yana jin ta can cikin saiwar haƙoransa na gaba. Na ciki dai, turamen tauna, tun da wuri aiki da goro suka gama da su, biyu an cire, sauran ko ruwan randa ba sa so. Da na gaban nan ya yi shekara ashirin da takwas yana yi wa Alhaji Mujitaba aiki, babban mai sayen masara da ke tara ta a sito har bazara. Da su ya gina gida, ya auri Baturiya, ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya kai autarsa Muhsina kwalejin horon malamai tana karanta kimiyya.

To, rana ɗaya ta Allah, ƙarshen damina, yana dawowa daga Doguwa a kan babur, wata saniya ta yanko titi. Mai babur ya taka burki, bakin Surajo ya sauka a kan ƙarfe. Da aka ɗaga shi, ƙafa lafiya, hannu lafiya, amma haƙora bakwai sun zube a kwalta, huɗu na sama, uku na ƙasa.

Shitu mai awo, taubashinsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, shi ya fara zuwa dubiya. Ya zauna, ya yi masa sannu, ya leƙa bakin, ya ce, "Alhamdu lillahi, taubashi, sana'a ba ta mutu ba. Daga yau kunu za a riƙa kawo maka kana gwada mana ko ya yi kauri."

Surajo ya so ya rama, amma maganar ta fito da iska, sai kowa ya yi dariya, har shi.

Kakar wannan shekarar dai haka ta wuce ba shi. Alhaji Mujitaba ya sayi masara da ka, yana tsoro, ya rage saye. Da aka kammala, ya zo har gida ya ce, "Malam Surajo, bakin nan naka ni ma jarina ne. Shirya, Kano za mu." Ya kai shi wani asibitin haƙori, wurin wata likita mai suna Bushira. Aiki ya ɗau watanni. Aka dasa masa ƙananan ƙusoshi a ƙashin muƙamuƙi, aka jira suka kama, sannan aka ɗora haƙora a kai, farare tas, a jere kamar an ja zare.

"Baba, wannan ba roba ba ce," in ji likita. "Sunansa zakoniya. Dangin tangaran ne, amma ya fi duk tangaran ɗin da ka sani tauri. Ba ya tsatsa, ba ya cinyewa, ba ya lotsawa. Ko ƙashi ka ga dama ka tauna."

Surajo ya ji "ba ya lotsawa" ya yi murna. Ina ma ya tsaya ya yi tunani.

Ya dawo gida ana ta kallo. Baturiya ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Malam, ka dai rage murmushi a waje, kada a ce na sake ka ka koma saurayi." Shitu kuwa da ya gan shi a kasuwa sai ya miƙe tsaye ya ce a ba ango hanya.

Kaka ta zagayo. Ranar kasuwar farko mutane suka taru don su ga sabon baki zai yi aiki. Surajo ya soka ƙarfe, ya zaro ƙwaya, ya ciza. Ƙas. Ta fashe kamar ba komai. Ya ciza ta biyu, ƙas. Ta uku, ƙas. Ya ce, "Ta kai." Buhu na biyu haka, na goma haka. A ransa ya ce bana manoma sun ji tsoron Allah, sun shanya da kyau.

Gaskiya dai, wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa. Ya lura ba ya jin ƙwayar. Yana ganin ta shiga, yana tofar da ita a fashe, amma tsakanin shiga da fashewa babu labari, kamar wani ne yake cizon a madadinsa. Sai dai ga jama'a sun zuba ido, ga Alhaji a tsaye yana murmushi yana kallon alherinsa. Wa zai buɗe baki a nan ya ce kyautar da aka yi masa ba ta aiki? Ya ce wa kansa rashin sabo ne. A kasuwa uku, bai mayar da buhu ko ɗaya ba.

Bayan sati uku aka aiko ya zo sito. Tun daga ƙofa warin ya tare shi. 'Yan dako sun fito da buhuna suna farkewa, masara ta dunƙule, kore da baƙi, tana tururi kamar an sauke ta daga murhu. Lodin mota uku daga yankin Doguwa, dukkansu da bakinsa suka shiga. Surajo ya tsuguna ya damƙi masarar, zafinta ya ratsa tafin hannunsa, ya kasa tashi.

Alhaji Mujitaba bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Malam Surajo, ban ce ka ci amanata ba. Shekara ashirin da takwas ba kwana ashirin da takwas ba ce. Amma ka je gida ka huta, sai na neme ka."

Kasuwa kuwa ba ta da irin wannan kawaici. Kafin la'asar an ce manoman Doguwa sun saye shi. Wasu suka ce ai tun da ya sa haƙoran 'yan birni ya fi ƙarfin talaka. Kwana kaɗan labari ya zo cewa Alhaji ya sayo na'urar gwada danshi, 'yar ƙarama kamar kofin shayi, ana zuba masara ta nuna lamba.

Surajo ya shige gida ya daina fita sai masallaci. Ya sa Baturiya ta jiƙa masara a ruwa ta tsane ta, ta haɗa masa da busasshiya a faifai biyu ba tare da ta gaya masa wacce ce wacce ba. Ya ciza wannan, ya ciza waccan. Ya nuna ta dama ya ce ita ce busasshiya. Baturiya ta ɗauke faifan.

"Faɗa mini mana."

"Malam, bari in kawo maka abinci."

Ya gane. Suka sake washegari, suka sake jibi. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, kamar mai canke. Mutumin da ke bambance shanyar kwana huɗu da ta kwana biyar, yau ya kasa bambance wadda ta kwana a ruwa. Ya rame, ya daina murmushi, haƙoran nan farare ya riƙa rufe su da leɓe kamar abin sata. Kyan ɗan maciji, in ji shi.

Ana haka Muhsina ta zo hutu. Ta tarar da mahaifinta a zaure da faifai a gaba, ƙasa duk tofaffiyar masara. Ta gaishe shi, ta zauna, ta saurari komai. Da ta ji sunan abin da aka yi haƙoran da shi, sai ta ce, "Zakoniya? Baba, ai mun yi shi a aji."

"To Auta, gaya mini. Wane irin dutse ne wannan da ba shi da tausayi?"

Ta ce abin a asalinsa ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu, kuma kowace ƙwaya taurinta ba ɗaya ba ne ta kowane gefe. Ta ga bai gane ba, sai ta shiga ciki ta ɗauko zanin mahaifiyarta daga igiya. Ta ba shi gefe ɗaya ta riƙe ɗaya.

"Ja, Baba. Bi tsawon zaren."

Ya ja. Zani ya tsaya ƙyam.

"To yanzu kama wannan kusurwa, ni in kama waccan ta can. Ja a karkace."

Ya ja, sai zani ya miƙe, ya biyo hannunsa.

"Ka gani? Zani ɗaya ne, zare ɗaya, amma ta nan ya ƙi, ta nan ya yarda. Haka ƙwayar zakoniya take. In ka danna ta ta wani gefe, taurinta ya kusa ninka na wani gefen. Malaminmu ya ce akwai masu binciken da aikinsu ke nan, auna ta ta kowace fuska."

Baturiya ta leƙo ta ce, "Ku dai in kun gama karatun ku mayar mini da zanina yadda kuka same shi."

Surajo bai ji ta ba. Idonsa ya kawo haske, rabon da a ga haka tun ranar sito. Ya ce, "Auta, kin ce yana da gefen da yake yarda?"

"E, Baba, amma..."

Bai tsaya jin amma ba. Da sassafe ya sa babbar riga ya tari mota sai Kano.

Likita Bushira ta karɓe shi da fara'a, ta tambayi ko ciwo suke yi. Ya ce ba sa ciwo, ai da ma suna ciwo. Ya ba ta labarin masara tun daga Tasalla har sito. Sannan ya matso da kujera ya rage murya.

"Likita, 'yata ta ce dutsen nan yana da gefe mai tauri da gefe mai sauƙi. Ina jin da kuka zo sawa, ta mai taurin kuka sa. Ba laifinku ba ne, ban gaya muku sana'ata ba. Don Allah ki kwance su ki juya mini su ta gefen da yake yarda."

Likita ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Baba, 'yarka ta faɗi gaskiya, amma ƙwaya ɗaya take nufi. Haƙorin nan ba ƙwaya ɗaya ba ce. Gari ake yi da su, a danne, a gasa. Ƙwayoyi ne ba iyaka a ciki, wannan ta kalli gabas, wannan ta kalli kudu, kowacce da inda ta juya. Kamar a yayyanka zani a cakuɗa a manne. Duk ta inda na juya shi, abu ɗaya za ka samu."

"To a samo mini mai ƙwaya ɗaya."

"Ko an samo, gefensa mai sauƙin ma ya fi haƙorin mutum tauri nesa ba kusa ba." Sannan ta ce, "Kuma Baba, ba haƙorin ne yake ji ba tun asali. Haƙorin da Allah ya halitta ba a kafe yake a ƙashi ba. Akwai wasu siraran jijiyoyi da suke riƙe da saiwarsa, yana ɗan motsi a cikinsu in ka ciza, su ne suke kai maka labari. Sun tafi tare da haƙoran, ranar da ka faɗi. Waɗannan a ƙashi suke kai tsaye."

"To cire su."

"In na cire, giɓi zan bar maka. Jijiyoyin ba za su dawo ba."

Surajo ya girgiza kai. Ya ce, "Wato a titin Doguwa na bar sana'ata, ni ina nan ina neman ta a Kano." Ya yi mata godiya, ya fita.

A hanyar dawowa ya sauka a Kwanar Ɗangora don canjin mota, ya zauna a benci ya bar mota uku suka wuce. Me zai je ya ce a gida? Shekararsa hamsin da shida, bai iya awo ba, bayansa ba zai ɗauki buhu ba, gonar gado tuni 'yan uwa suka raba. Kuma ba yunwa ce ta fi damunsa ba. Abin da ke cin sa shi ne zai mutu a bar shi da sunan wanda manoman Doguwa suka saya.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ya koma zaure da faifansa, ba don yana sa rai ba, sai don hannu ya saba kai ƙwaya baki. Wata rana da hantsi, zanin nan yana shanye a igiya iska tana kaɗa shi, yana kallonsa yana juya ƙwayar masara a yatsa. Ya dube ta da kyau, abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin da takwas, don da ba ya bukatar kallo. Ga faɗi, ga gefe, ga tsini. A ransa ya ce, ashe ke ma fuskokinki da yawa. Kullum a kwance yake cizon ta, ta faɗinta, haka Tasalla ta koya masa. Sai ya tsayar da ita a kan gefenta tsakanin haƙoran, ya danna.

Tsas. Ƙarar ba ta kunne ta shigo ba, ta cikin ƙashi ta hau har tsakiyar kansa, siririya, kamar an karya allura.

Ya ɗauko daga ɗaya faifan, na jiƙaƙƙiyar masara, ya tsayar, ya danna. Tuf. Gajeriya, mai nauyi, ba ta hau ko'ina ba.

Nan take ya gane. Haƙorin da ba ya lotsawa ba ya shanye ƙara, duk abin da ƙwaya ta faɗa sai ya miƙa wa ƙashi. A kwance, ƙarfinsa yana murƙushe kowacce iri ɗaya. A tsaye kuwa, busasshiya tsagewa take yi, mai danshi ta dagargaje. Bai kira kowa ba sai da ya gwada sau ashirin. Sannan ya ce, "Baturiya, kawo mini auduga."

"Kunnen ne kuma yanzu?"

"Kawo dai."

Ya toshe kunnuwa biyu, duniya ta yi tsit, muryar masara ta fito sarai. Sati biyu suna abu ɗaya. Baturiya ta zama mai shanya, wannan ta yini ɗaya a rana, wannan biyu, wannan huɗu, tana ƙulla su a tsumma daban-daban tana ɓoyewa. Da fari yana kuskure ɗaya cikin uku, daga baya ɗaya cikin goma. Bai kai yadda yake da ba, kuma ya sani. Amma kaka tana ƙarewa, in ya bari ta wuce, shi ke nan an saba da rashinsa.

Ranar kasuwa ya je ya sami Alhaji Mujitaba a rumfarsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, alfarma ɗaya. Ka gwada ni da na'urarka a gaban mutane. In na faɗi, ba za ka sake ganin ƙafata a kasuwar nan ba."

Alhaji ya ce, "Malam Surajo, wa ya kore ka da za ka yi wa kanka wannan?"

"Bakin mutane ya kore ni."

Kafin a ce haka, rumfa ta cika. Surajo ya zaro auduga ya toshe kunne, aka fashe da dariya. Shitu ya ce, "Jama'a ku yi masa uzuri. Haƙori ya tafi, yanzu kunne ya bi shi, saura ido mu kai shi bakin masallaci." Amma shi ne ya matso ya tsaya a bayansa.

Aka kawo buhu na farko. Alhaji ya gwada a na'ura ya rufe lambar da hannu. Surajo ya tsayar da ƙwaya ya ciza, ya sake, ya sake. Ya ce, "Ta kai." Alhaji ya buɗe hannu, haka ne. Buhu na biyu ya ce, "Saura rana biyu." Na'ura ta nuna danshi. Dariya ta fara raguwa.

Na uku wani buhu ne da aka sauke yanzu, mai shi yana tsaye. Alhaji ya zuba a na'ura, kuma wannan karon ya yi sakaci, hannunsa bai rufe da kyau ba. Surajo bai iya karatun boko ba, amma ya ga Alhaji ya gyaɗa kai, ya ga mai ɗinki ya zare allura. Na'ura ta ce ta kai.

Ya ciza ta farko. Tsas. Ta biyu, tsas. Ta uku, tuf.

 Ya sake soka ƙarfe ya zaro wasu. Tsas, tuf, tsas, tsas, tuf. Buhu ɗaya, murya biyu. Ko dai haƙoran sun sake yaudararsa, ko kuwa an zuba ɗanya a cikin busasshiya an cakuɗa. Kalma biyu kawai zai faɗa, "ta kai", ya dace da na'ura, ya koma bakin aikinsa yau ɗin nan da mutuncinsa. Ba wanda zai sani. Sai warin siton nan ya dawo masa a hanci, da zafin masarar a tafin hannunsa. Wancan karon ma ai shiru ya yi don kada ya ji kunya.

Ya cire audugar ya ce, "Alhaji, ba ta kai ba. Masara biyu ce a buhun nan."

Mai masara ya yi tsalle ya ce a bi masa haddinsa, shi bai taɓa haɗa hatsi ba. Alhaji ya ɗaga na'ura ya nuna wa jama'a lambar. Wani daga baya ya ce, "To, Mai Cizo ya faɗi." Aka fara watsewa ana girgiza kai.

Shitu ne ya ɗaga murya, ba wasa a fuskarsa. "Alhaji, ni mai awo ne. In na zuba tiya ɗaya mai tsakuwa a cikin tiya tara mai kyau, na ɗebo kwano, ai kyau za a gani. Abin nan naka kwano guda yake aunawa ya ba ka lamba ɗaya. Shi kuwa wannan tsohon banzan ɗaya bayan ɗaya yake tambayarsu."

Alhaji ya dubi buhun. Can ya ce a ɗinke buhun, a shafa masa shuni, a ajiye shi shi kaɗai a lungun sito. "Bayan sati uku ma buɗe. Masara ba ta ƙarya in an ba ta lokaci."

Sati ukun nan, Surajo bai san ɗanɗanon tuwo ba. Ya riga ya yi alkawari a gaban mutane, in buhu ya fito lafiya, shi da kasuwa har abada. Kullum sai ya tambayi Baturiya yau kwana nawa, ta faɗa, ya ce ta sake ƙirgawa. Wani lokaci ya ce da ma ya bi na'ura. Wani lokaci ya ce ko da buhun zai fito lafiya, abin da ya ji ke nan. Ita dai ta daina shanya masara a inda zai gani.

Ranar da ta cika, bai je sito ba, ƙafarsa ta ƙi. Yana zaune a zaure bayan azahar sai ya ji sallama. Alhaji Mujitaba ne da kansa, Shitu yana biye. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, Surajo yana amsawa bai san me yake faɗa ba. Sannan Alhaji ya zaro hannu daga aljihu ya buɗe a kan tabarma. Masara ce cikin tafi, yawancinta fes, amma a tsakaninta ga wasu sun yi kore sun manne da juna.

Alhaji ya ce, "Gobe akwai mota daga Doguwa. Ka fito da wuri."

Surajo ya saki baki yana kallon sa. Shitu ya ce, "Rufe mana, kana kashe mana ido."

Na'ura dai ba ta koma kanti ba. Tana nan a rumfar Alhaji, ita ake fara tambaya, sannan a miƙa wa Surajo. Ƙwaya uku ta da ta zama goma, kuma akwai ranakun da yake cewa a kawo masa wani buhun tukuna, wannan bai ji shi sosai ba. Masu cewa an saye shi ba su zo sun ba shi haƙuri ba, sun dai daina faɗa. In ka je kasuwar da kaka za ka gan shi tsugune gaban buhu, auduga a kunne, ido a rufe, Shitu a gefe yana zazzaga masa tsiya son ransa tunda ya san ba ya ji.

Baturiya ce kaɗai ta san saura. Ta ce har yanzu, in ya zauna shi kaɗai a zaure, wani lokaci sai ya ɗauki ƙwaya ya sa ta a kwance yadda Tasalla ta koya masa, ya danna a hankali, a hankali, yana jira ta ɗan lotsa.